Sadakar Da Aka Riga Aka Ci

Yayana ya mutu sau huɗu a tele kafin ya yi mutuwar gaske. Ɗan wasan kwaikwayo ne a Yamai. Tun ina lakwal, makarantar boko, ya bar ƙauyenmu na wajen Kanan-Bakashe, ya fara a rediyo, da tele ta zo aka ɗauke shi. Babu abin da bai zama ba: maigari, ɓarawon awaki, boka, direban kamiyo, babbar motar kaya, har tsohuwa ya taɓa zama, da zane da kallabi. Wasa na ƙarewa sai a gan shi a wani. Gida kuwa sai dai takarda, ita ma sai ya bushi iska.

Gwamnatin soja ce ta kawo mana tele, guda ɗaya don gari duka, cikin akwatin ƙarfe a ƙofar lakwal, da faranti mai shan rana a kan rufi. Bayan magariba mushe, malamin lakwal ɗin, yake buɗewa. Sai babban soja ya gama yi wa ma'aikata faɗa kafin a sa wasa.

A wasan farko da muka gani, Yaya manomi ne, maciji ya sare shi. Aka naɗe shi a likkafani, aka ɗora a makara. Inna, mahaifiyarmu, tana zaune a tabarmar gaba. Ta yi salati ta tashi, mata suka bi ta gida. Mushe ya yi ta rantsuwa wasa ne, dattawa suka ce a ina aka taɓa wasa da likkafani. Ni da na yi lakwal na san gaskiya, na faɗa, Inna ta ce in rufe mata baki. Aka yi zaman makoki. Ran uku muka daka gero tiya huɗu muka yi gumba, liman ya yi addu'a, gari ya ci. Bayan mako biyu ga Yaya jandarma, da gashin baki, yana marin wani. Liman bai sake zuwa kallo ba. Sauran mutuwa ukun, Inna tsaki kawai take yi ta ce, "Shi ya sani."

Sai shekarar da damina ta ƙi. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Fulanin da ke kawo mana nono suka wuce kudu da abin da ya rage musu. Muka koma cin anza, 'ya'yan wani itacen daji: a jiƙa, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa, kwana da kwanaki kafin ɗacin ya fita. Ana binne mutum da safe, da yamma a je tele, don babu wani abin yi. Ban tuna na yi kuka a shekarar ba. Yunwa ba ta bar mini wurin sa shi ba.

Direban da ya kawo jar dawar taimako daga Mayahi shi ya miƙo mini takarda. Da Faransanci take, wani abokin wasan Yaya ya rubuta. Ciwon ƙirji ya kama Yaya, kwana tara a gidan likita, an riga an binne shi. Na karanta a tsaye cikin layin dawa, na ninke, na ci gaba da jiran a zo kaina. Abin da na ji kawai shi ne haushi: ko a nan ma sai da ya bar mini aikin.

Na yi niyyar gaya wa Inna da yammar ranar. Na iske ta riga ta ɗauki tabarma za ta kallon tele, na bi ta. A lokacin tsofaffin wasanni ake ta maimaitawa. Ga Yaya ɗan kasuwa, cikin babbar riga, an aje masa kwanon tuwo yana kai loma. Na gane wasan, ya shekara biyar. Inna ta taɓo ni, hannunta kamar kara.

"Ke, dubi wuyanai. Wanga yaro shina ci."

"Shina ci, Inna."

"Alhamdu lillahi. Ko guda cikin ɗiyana na ƙoshi. In kin rubuta mai, ki ce kar shi zo. Mi za mu ba shi?"

Na ce to. Na je na sa takardar ƙarƙashin kwanonin jerena. Kowane mako in ce gobe zan gaya mata, kowane mako a sa shi a wani wasa, yau malami, gobe mahauci, kullum da kumatunsa. Inna ta daina iya tafiya, muka riƙa kai ta a amalanke. Wata huɗu muna haka.

Ta rasu ana saura kwanaki ruwan farko ya sauka. A zaman makoki maganar kowa ɗaya ce: ina ɗan tele? Uwarsa ta mutu da yunwa, shi yana can yana narka tuwo a gaban duniya. Wata ta ce Allah ya isa ma ba ta ishe shi ba. Ina jin su ina zuba musu ruwa.

Ran uku na ɗauko takardar na kai wa liman. Tiya ɗaya ta jar dawa muka samu don sadakar Inna.

"Malam, a haɗa da Yaya cikin addu'a. Ya rasu tun rani, ga takarda."

Ya karɓa, ya juya ta, ba ya karanta boko. Ya dube ni, ba da fushi ba, ya miƙo mini abata.

"Ɗiyata, ki bar rufa mai asiri. Jiya yara sunka gane shi, lahiya lau. Mun yi mai sau guda, mun ci gumbatai. Ya isa."

Aka shafa fatiha, sunan Inna kaɗai aka ambata. Na tattara ƙoren, na wanke. Da magariba ƙafata ta kai ni ƙofar lakwal. Yaya alƙali ne a ranar, da rawani, ana ta dariya.