Ranar da Na Ɗaga wa Hajiya Murya

Ko zan manta komai a duniya, ban da safiyar da na hana mahaifiyata hawa jirgi.

Ni ce 'yar fari, kuma Hajiya 'yar dā ce. Kunyata take ji, ba ta kama sunana, ko a waya sai dai ta ce, "A gaya wa waccan." Ga ta da ciwon suga, kullum sai ta yi allura. Ni ko aikin jinya nake yi a nan Amurka, amma shawarata sai ta bi ta bakin wani kafin ta isa gare ta.

Ranar na fito daga Greenbelt zan tafi aiki, na maƙale a cunkoson motoci a babbar hanyar Beltway, sai ga kiran Inna, aminiyar Hajiya da suke saro kaya tare. Suna filin jirgin Dubai, za su wuce Guangzhou karo na farko. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, allurar Hajiya tana jakar hannunta ko?"

"Tana cikin babban akwati, an riga an auna. Tun jiya kasuwa ta hana ta yi, ta ce sai mun sauka. Ai an ce mana duk Asiya ce, ba nisa, kamar Jidda da Madina."

Kusan awa takwas ne a sama, ga allurar a cikin kaya inda ba mai iya kai hannu. Na gangara gefen titi, motoci na ta yi mini hon.

"Inna, ba ni ita."

"Kin san ba za ta karɓa ba. Ga shi ma an fara kiran layi."

"To buɗe muryar wayar kowa ya ji!"

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ce, "Hajiya, wallahi idan kika shiga jirgin nan gawarki za a sauko da ita! Ki zauna!"

Ba na jin komai sai sanarwar filin jirgi, har na ɗauka ta shige. Sai wayar ta katse.

Ban iya tuƙi ba, nan na zauna ina kuka ina kira, ba a ɗauka. Can sai waya ta yi ƙara. Inna ce. Jirgi ya tafi ya bar su, an fito da akwatin, likitan filin jirgi ya auna sugan ya kwantar da ita nan take.

Sai na ji an karɓi wayar. Wata murya a raunane ta kira sunana, cikakke, ta ce, "Kin karya kuwa?"

Har gobe ina jin nauyinta, ina kuma girmama kunyarta. Amma tun ranar na gane cewa idan rai na cikin haɗari, gara ka yi rashin kunya ka ga naka a raye.