Faya-fayan Baba Illo

Har gobe ba zan manta da safiyar da Baba Illo ya shigo gidan wayarmu rungume da kwali a ƙirji ba. Lokacin ina aiki a gishe, wato tagar da ake karɓar jama'a, a wani ƙaramin gidan waya na ƙasar Adar. Ba sai na faɗi garin ba. Ma'aikatan ba mu da yawa: resebar, wanda shi ne shugaban gidan, sai ni, sai Malam Kadri mai gadi, dattijon da kuma shi ke kai buhun saƙo tasha. Tsakiyar bazara ce, an fara kwasar albasa a fadamu, zafi kuwa tun hantsi ƙarfen tagar ba ya taɓuwa.

Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, bari in fara gaya muku yadda saƙo yake tafiya a wurinmu. A da gidan waya yana da motarsa da ke zagaya garuruwa. Kafin in kama aiki ta daina zuwa. Abin da ya rage shi ne mu zuba wasiƙu da ƙananan kaya a buhu, resebar ya ɗaure bakinsa ya buga hatimin dalma, Malam Kadri ya kai wa wani direban motar kasuwa da aka yi yarjejeniya da shi. Shi zai kai buhun garin da ke bakin kwalta, a sa shi a babbar mota zuwa Tawa, daga can sai Yamai. Duk hannun da buhun ya shiga akwai takardar da ake sa wa hannu. A rubuce tsarin ba shi da aibu.

Baba Illo mutumin wani ƙauye ne kusa da Tamaske. Dogo ne, tsufa ya ɗan ranƙwafar da shi, idonsa ɗaya ya yi fari. Ya aza kwalin a kan gishe a hankali, ya dube ni.

"Ɗiyata, kaya gare ni za su Yamai. Amma ki goge hannunki kahin ki taɓa."

Na yi dariya, na goge. Doka ce sai mun ga abin da ke ciki kafin a rufe, don haka na ce ya buɗe. Ya warware wani tsohon rawani, sai ga faya-fayan garmaho, baƙaƙe, masu faɗi, kowanne cikin rigarsa ta takarda da ta yi ja don daɗewa. Ni a hoto kawai na taɓa ganin irinsu.

Ba mu da wasu mutane a ranar, shi ya sa ya zauna ya ba ni labarinsu. Da ƙuruciyarsa ya tafi bida, wato ci-rani, Abijan tare da abokinsa Shaibu, ɗan ƙauyensu. Ɗaki guda suka kama, suna dako a kasuwa. Abin da samari ke kashewa a tufafi su faifai suke saye da shi: kiɗan Kwango, kiɗan Gana, goge da kalangun gida da aka ɗauka a can bakin teku. Da suka dawo gida gaba ɗaya, sai Shaibu ya riƙe na'urar garmahonsu, Illo ya riƙe faya-fayan. Duk mai son jin kiɗa dole ya taka zuwa gidan ɗan'uwansa. Haka suka yi har suka yi jikoki. Ya ce akwai shekarar da wani Bature mai bin ƙauyuka yana neman irin waɗannan faya-fayan ya zo da tafinta, ya yi ta magiya a sayar masa. Illo ya sa aka dama masa fura, ya raka shi bakin mota.

To, ya ce bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Shaibu. 'Yarsa Hadiza, wadda ke aikin jinya a Yamai, ta zo ta ɗauke shi, aka haɗa har da na'urar cikin kayansa. Bakinsa ya mutu, ba ya iya magana. Sai dai Hadiza ta kira ta ce kullum da la'asar yana gunjin wani kiɗa a maƙogwaro yana nuna na'urar da hannunsa mai lafiya. Ta roƙi Baba Illo ya aiko da faya-fayan. Shi kansa ba ya iya doguwar tafiya, ga matarsa kwance ba mai kula da ita sai shi.

Na ce, "Baba, da ka samu mai tafiya, ka ba shi hannu da hannu, zai fi."

Ya ce, "Shekarun da na yi Abijan, duk abin da na aiko ma uwata ta gidan ga ya biyo. Ko allura ba ta ɓace ba. Yau zan ɗauki kayan Shaibu in ba ɗan tasha?"

"Baba, ai mu ma yanzu tasha muke kaiwa."

Ya ce, "Amma da hatiminku bisa."

Na kira resebar, domin kaya masu daraja ana rubuta ƙimarsu, in sun salwanta a san abin da za a biya. Resebar ya tambaye shi abin da za a rubuta. Baba Illo ya dube shi kamar ya yi masa wani yare. Ya ce, "Rubuta na Illo da Shaibu ne." A ƙarshe resebar ya cike gurbin da abin da ya ga dama. Ni kuma na yayyanka kwalaye na sa tsakanin faifai da faifai, na naɗe da rawanin, na rubuta da jan alƙalami a kowane gefe cewa abu ne mai fashewa, kuma a kiyaye shi daga rana. Aka sa a buhu, aka buga hatimi a gabansa. Ya bi Malam Kadri har tasha, bai tafi ba sai da motar ta tashi.

Ranar kasuwa ta zagayo, ya zo. Na ce da sauran lokaci. Wata kasuwar ta zagayo, ya sake zuwa, ya ce Hadiza ta je gidan wayar unguwarsu an ce ba a ga komai ba. Nan na fara bugun waya. Ofishin da ke samanmu suka ce buhun bai iso gare su ba. Direban ya rantse ya sauke shi a garin bakin kwalta. Mutanen babbar mota suka ce su ba wanda ya ba su buhu a makon. Na samu wani babba a ofishin jiha, na kwashe labarin duka na gaya masa, har da ciwon Shaibu.

Ya ce, "Madam, na ji. Amma kin san tsari. Ba a buɗe bincike sai wa'adi ya cika. Ki cika takardar koke, ki aiko."

Na ce, "Shef, takardar a wane buhu zan sa ta?"

Bai ji daɗin tambayar ba, ya kashe wayar.

Baba Illo bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Zai zo ne ya zauna a benci, ya aje sandarsa tsakanin ƙafafu, in gaishe shi, ya dubi fuskata, ya gane amsar. Wata rana bayan ya daɗe a zaune sai ya taso ya dafa gishe.

"Ɗiyata, abu guda ke hana ni kwana. Shaibu ya san yadda nike da hwaihwan nan, ko ɗiyana ban bari su taɓa ba. Ina tsoron shi zaci ƙi na yi. In na hwaɗa mishi, shina iya cewa kunya ta sa. Ke ki hwaɗa mishi. Ke ce hukuma."

Na kira Hadiza, ta kara wa mahaifinta wayar a kunne. Ban taɓa yin magana irin wannan a bakin aiki ba. Na gaishe shi, na faɗi sunana da muƙamina kamar ina gaban alƙali. Na ce, "Baba Shaibu, ni na karɓi kayan da hannuna. Baba Illo ya kawo su duka, bai rage ko ɗaya ba. Jinkirin daga wurinmu ne." Ba abin da na ji sai numfashi mai nauyi. Can sai wani sauti ya biyo baya, ƙasa-ƙasa, yana hawa yana sauka. Na miƙa wa Baba Illo wayar. Ya saurara, ya juya mini baya, ya fuskanci bango. Malam Kadri ya tashi ya fita waje.

Shaibu ya rasu kafin ruwan farko ya sauka. Baba Illo da kansa ya zo ya gaya mana, muka yi masa gaisuwa. Resebar ya rasa inda zai sa idonsa.

Bayan sadakar bakwai ne Malam Kadri ya tsare direban a wurin mai shayi, ya haɗa shi da Allah ya faɗi gaskiya. Sai ga magana ta fito. Ashe ranar bai kai buhun garin bakin kwalta ba. A wata ƙaramar tasha da ke kan hanya ya tarar da masu albasa suna neman mota, wuri ya yi kaɗan, ya sauke buhunmu ya ce wa ɗan kamashon wurin ya sa shi a motar da ke biye. Ɗan kamashon ya jefa shi saman rumfar kwano don kada awaki su ci, washegari kuma ya bi wata mota ya tafi bida.

Resebar ya ɗauke ni a babur ɗinsa muka tafi. Wata mai tuwo a tashar ta nuna mana rumfar. Ta ce tana ganin abin a sama, ta ɗauka na hukuma ne, ta ji tsoron taɓawa. Kowa ma haka ya ce. Aka sa tsani aka sauko da shi. Buhun ya koɗe ya yi fari, amma hatimin yana nan daram, ba wanda ya ko gwada buɗe shi. Da na ɗora hannu a kai sai da na janye don zafi. Duk sauran bazarar nan a kan kwanon ya yi ta. Har da wasiƙun mutane a ciki, da takardun wata malamar makaranta da ke neman canjin wurin aiki.

Doka ta ce kayan da suka lalace a hanya sai a gaban mai su ake buɗewa, da shaida. Muka aika aka kira Baba Illo. Ni na yanke igiyar kwalin, amma shi ya warware rawanin. Faya-fayan sun lanƙwashe kamar ganyen da wuta ta lasa. Wasu sun manne da rigunansu, wasu da juna. Ba ɗaya da allura za ta iya bi.

Ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, yana kawo su kusa da idonsa mai gani, yana shafa takardar da ke tsakiya. Da ya zo kan wani mai jar takarda sai ya daɗe riƙe da shi.

"Wanga munka saya ranar da labari ya iske mu an haihi Hadiza. Shaibu ya yi rawa har mai gidan haya ya hito da sanda."

Resebar ya matso da takardar neman diyya, ya fara yi masa bayani cewa haƙƙinsa ne, in ya dangwala hannu za a tura sama. Baba Illo ya ture ta da bayan hannu, ba da faɗa ba.

"In dangwala a ba ni mi, yaro?"

Ya mayar da su cikin kwalin a jere, yadda ya kawo su, ya rufe. Na ce bari in kira masa mai babur, ya ce a'a. Da ya kai bakin ƙofa sai ya tsaya ya waiwayo. Ya dubi jerin akwatunan wasiƙa da suka yi tsatsa, rabinsu ba ƙofa. Ya dubi rufin da ya tsage, da fankar da ta daɗe ba ta juyawa, da mu da ke tsaye kamar masu jiran hukunci.

Ya ce, "Ashe ku ma an bar ku." Ya fita.

Na rubuta rahoto, resebar ya sa hannu. Aka karɓe aikin daga direban aka ba wani mai irin motarsa, a irin hanyarsa. Ban ji an yi wani abu bayan wannan ba. Baba Illo bai sake shigowa gidan wayar ba. In ya zo kasuwa yakan tsaya daga bakin hanya ya ɗaga mini sanda, in fito in durƙusa in gaishe shi, ya tambayi yarana. Ko sau ɗaya bai tayar da maganar ba. Daga baya aka mayar da ni wajen Madawa, can labarin rasuwarsa ya same ni.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Yau mai son aika kuɗi ko gaisuwa wayar hannunsa ta ishe shi. Wanda ya tako har gishenku da kaya a hannu, yawanci abin da ya kawo ba shi da na biyu, kuma yawanci dattijo ne da ya san gidan nan lokacin da yake da ƙarfi. Da wancan gidan yake magana, ba da wanda kuke zaune a ciki ba. A labarin nan ba ɓarawo ko ɗaya. Kowa ya sa hannu inda ake sa hannu, kowa ya miƙa wa na gaba ya juya baya. Tun daga lokacin, in buhu ya bar hannuna sai na kira direba, na kira tasha, na kira wanda zai karɓa, har sai wani ya ce mini ga shi a gabansa. Abokan aiki suna ce mini mai naci, wasu direbobin in sun ga lambata ba sa ɗauka. Sai in sake kira.