Ɗorawar da Na Shafa wa Jan Fenti

Ni haifaffen cikin garin Birnin Kudu ne, kuma abin da na sani game da itatuwa a aji na koye shi, da sunayensu na boko masu karya harshe. Da wannan ɗan ilimin na zama malamin daji a ƙaramar hukuma, aikin da har yau nake so. Da safe in leƙa gandun renon dashe in ga ko an yi ban-ruwa, sannan in hau babur in bi ƙauyuka, in duba masu gawayi, in leƙa bakin kogi wajen masu ɗibar yashi. Ban yi arziki da shi ba, amma ban taɓa wayar gari ina jin nauyin fita ba. Aibina ɗaya a lokacin, na yarda da takarda fiye da kima. In dai abu na rubuce, da hatimi a ƙasa, to a wurina magana ta ƙare.

Ban daɗe da komawa Gwaram da aiki ba wani Alhaji ya same ni a ofis, a tsakiyar bazara. Ya sayi gona a wani ƙauye ta wajen Maruta, yana son shuka riɗi, ga wata ƙatuwar ɗorawa a tsakiyar gonar, inuwarta ta cinye wuri. Dokarmu ita ce ba a sare babbar bishiya sai malamin daji ya je ya gani da idonsa, ya ba da takardar izini, mai sarewa kuma ya ɗauki alkawarin dasa wasu a madadinta. Na je, na gani. Na nemi takardar cinikin gona, ya nuna mini, da sa hannun shaidu. Na lura an kewaye gindin bishiyar da ƙaya, an ɗaure ta tamau da igiyar rama, na ce a raina maganin awaki ne. Ban tambayi kowa ba. Na ture ƙayar da ƙafa, na shafa wa jikin bishiyar jan fenti, alamar an yarda a sare, na buga hatimi, na hau babur ina jin na yi aiki.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, wata tsohuwa ta tsaya a ƙofar ofishinmu, ƙafafunta butu-butu. Tun kafin ta yi sallama warin daddawa ya riga ta shigowa.

"Wane ne mai jan fenti a cikinku?" in ji ta.

Abokan aikina suka nuna ni da baki, babu wanda ya yi ko yunƙurin rufa mini asiri.

"Ni ne, Inna. Lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Ɗorawata ka shafa wa, na zo in ji laifin da ta yi maka."

Na gyara zama na fara yi mata bayanin doka, cewa mai gona ya kawo takarda. Ta bar ni na kai aya, sannan ta ce, "Gona tasa ce. Wa ya ce maka ɗorawa tasa ce?" Da aka raba gadon mahaifinta, in ji ta, maza suka ɗauki ƙasa, ita aka ba ta bishiyar. An sayar da gonar sau biyu tun daga lokacin, ba a taɓa haɗawa da ɗorawar ba, kowa a ƙauyen ya san haka, ƙayar ma ita ke ɗaurawa kowace shekara in 'ya'ya sun fara fitowa. Da kalwar bishiyar take daddawa, da daddawar take cin abinci. Kuma masu injin katako sun iso tun da safe.

Rashin sani ya fi dare duhu. Kunya ta kama ni, haushi kuma ya biyo baya, na rasa wanda zan ji wa sai kaina. Na ɗora ta a bayan babur. Duk ramin da na faɗa sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Ka bi a hankali, ba ni ce aka ba da izinin sarewa ba."

Tun daga nesa muka jiyo kukan inji. Kafin in kafe babur, babban reshen gabas ya riga ya kwanta a ƙasa, ɗanyun 'ya'yansa sun watsu ko'ina. Na ruga ina ɗaga hannu ina ihu, mai injin ya kashe. Alhaji ya zaro takarda daga aljihu ya buɗe ta a gaban hancina.

"Malam, sa hannun wa ke nan?"

"Nawa ne, Alhaji."

"To?"

Shi ma ba macuci ba ne, baƙo ne a ƙauyen kamar ni, wanda ya sayar masa da gona kuwa bai ga dalilin faɗin abin da kowa ya sani ba. Aka kira mai unguwa, ya zo da dattawa biyu, muka zauna a inuwar da ta rage. Mai unguwa ya tabbatar da maganar tsohuwar tiryan-tiryan, sannan ya juyo gare ni.

"Malam, gidana ga shi can, ana hango shi daga nan. Matambayi ai ba ya ɓata."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," na ce. Gumin da nake yi ba na rana ba ne kaɗai.

An daɗe ana ja-in-ja. Alhaji ya ce inuwa za ta kashe masa riɗi, tsohuwa ta ce inuwar ta girmi riɗinsa. A ƙarshe dattawa suka yanke cewa reshen da ya faɗi ya faɗi, ya buɗe wa gona rana, icen kuma na tsohuwa ne. Sauran bishiyar ba mai taɓa ta. Na karɓi takardata daga hannun Alhaji, na rubuta a bayanta cewa na soke, da dalilin sokewar, wato kuskurena. Washegari shugabanmu ya karanta, ya yi dariya har da hawaye, daga baya ya sa aka ƙara tambaya a takardar izini: mai gona ne mai bishiya? Wannan layin yana nan har yanzu, kuma ina alfahari da shi, ko da yake na san yadda aka same shi.

Amma a ranar da aka yi zaman a gona, da taro ya fara watsewa na nufi babur, tsohuwar ta kira ni.

"Ɗan nan, ina zuwa? Jan nan fa? Gobe wani mai injin ya wuce ya gani, ya ce an ba da izini."

Ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini 'yar wuƙa. Haka na durƙusa a gindin ɗorawa, da kakina da hulata, ina kankare fenti, matan ƙauye masu dawowa daga rijiya suna rage tafiya suna kallo. Fentin gwamnati ne, mai kyau, ya shige cikin tsagar ɓawo ya ƙi fita. Ita kuwa tana gefe tana tsince ɗanyun 'ya'yan da suka zube tana tarawa a ƙwarya, ko da yake ni da ita mun san ba za su yi kalwa ba. Zafi ya ishe ni, na fara danna wuƙar da ƙarfi, ɓawo na ɓarewa, farin jikin itacen ya bayyana. Sai na ji ta ajiye ƙwaryar. Ta matso ta riƙe mini wuyan hannu.

"A hankali, Malam," ta ce. "Ciwon da aka ji mata yau ya isa."