Bangon da Alhaji ya hana ni hudawa

Ina kan tsani a Jakara da injin huda bango, sai Alhaji mai kamfanin fatu ya riƙe min ƙafar wando.

Waifai, wato intanet mara waya, ba ya kaiwa siton kamfanin, don bangon soron na ƙasa ne mai kauri. Dole a huda, a ja waya, a kafa na'ura ta biyu. Ogana ya ce in ban gama yau ba, ya sallame ni.

"Malam, sauko. Mahaifina ne ya yaɓe bangon nan da hannunsa."

"Alhaji, aikina fa zai tafi."

"Na sani. Ka yafe ni."

Na sauko ina huci, amma na kasa ganin laifinsa. Ɗakin babana a Nguru ya rushe bara, ko zuwa ban yi ba.

Ku wa za ku ba gaskiya?