Tikitin da Ba Shi da Dillali

Taƙaitaccen bayani, domin wanda ba shi da lokacin karanta saura. Suna: Malama Zara Mala. Wurin aiki: shago mai ɗaki ɗaya a unguwar Hausari, Potiskum. Tsawon hidima: shekara goma sha takwas. Sana'a: buga takardu, da sayo wa jama'a tikitin jirgin sama zuwa ƙasashen waje. Laifin da aka taɓa tuhumarta da shi: arha. Sakamakon bincike: babu laifi. Ranar ajiye aiki: ƙarshen wannan wata, bisa shawarar likitan ido. Tsohon akawun da ya rubuta takardar ƙorafi a kanta shekara uku da suka wuce, shi ne ya rubuta wannan.

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe shago. Ta share, ta yaye zanen da take rufe kwamfuta da shi, ta tambayi farashin dala na ranar, sannan ta zauna. Idan mai tafiya ya zo, ba ta hanzari. Takan buɗe shafin kamfanin tafiye-tafiye guda ɗaya sau biyar ko shida: sau ɗaya a matsayin mai saye daga Najeriya, sannan ta sauya tutar da ke saman shafin ta zama ta Turkiyya, ta Indiya, ta Masar, kowace da harshenta da kuɗinta. Jirgi ɗaya ne, rana ɗaya, kujera ɗaya, amma kowane shafi da farashin da yake faɗa. Sai ta haɗa da abin da banki zai cira a katinta na dala, ta duba ko an sa kuɗin kaya, ta duba awa nawa za a jira a hanya. Wani lokaci bambancin bai kai kuɗin mota zuwa Kano ba, ta faɗi haka. Wani lokaci ya kai kuɗin sa guda.

Malam Basiru, malamin makarantar sakandare ta Mamudo, ya shaida cewa da ya sami gurbin ƙaro karatu a Malesiya, abin da ya tara ya gaza kuɗin jirgi, har ya fara rubuta wasiƙar haƙura. Kwana huɗu Zara tana juya tutoci kafin ta samo abin da ya yi daidai da aljihunsa. Ya Kaka kuwa, tsohuwar da ke ziyartar 'yarta a Jidda, Zara ta hana ta tikiti mafi arha, domin akwai jiran awa goma sha huɗu a filin jirgin da babu mai jin Hausa ko Kanuri, ga ciwon gwiwa. Tsohuwar ta yi mita, ta biya ƙarin, ta dawo da dabino.

Sai maganar Alhaji Bobbo, wadda ita ce dalilin wannan rubutu.

Alhaji Bobbo ɗan kasuwar shanu ne, Bafulatanin da ya zauna a gari, mai loda tirela zuwa Legas kusan kowane mako. Matarsa, Hajiya Nana Aisha, ciwon ƙashin baya ya kwantar da ita, har wani asibiti a Alƙahira ya sa mata ranar aiki, wata Asabar. Likitan ya yi bayani ƙarara: idan ranar ta wuce, sai bayan wata uku, kuma ba shi da tabbacin ƙafafunta za su jira. Bobbo ya kai wa Zara fasfo biyu da kuɗi. Ta sayo tikiti biyu na ranar Alhamis ta shafin Turkiyya, ta buga masa takarda.

A rumfar dillalai ya fito da takardar, domin ya nuna. Aka juya ta sama da ƙasa, babu mai iya karanta ta. Wani ya ce shi ma ya tambaya a wani ofishi mai kwandishan a Kano, kuma farashin can ya ɗara wannan da kusan rabi. Aka shiga kallon takardar, irin kallon da ake yi idan an shigo da saniya mai tari.

Dole a yi wa Bobbo adalci a nan. A kara, wato kasuwar shanu, dabbar da farashinta ya faɗi haka, ko ciwo gare ta ko ta sata ce, kuma babu mai hankalin da zai sayi dabba ba tare da dillalin da ya san ƙofar gidansa ba. Shi kansa, yana saurayi, ya taɓa sayen shanu uku masu arha a hannun baƙo, ya kwana biyu a tsare kafin a gane ba shi ya sato ba. Wannan darasi ya tsare masa dukiya shekara talatin. Sai ya ɗauko shi ya ɗora a kan takardar: tafiya Masar, rubutun Turkiyya, kuɗin da ba a taɓa gani ba, ga arha, ga babu dillali. A lissafin kara, tikitin sata ne.

Ya koma ya nemi kuɗinsa. Zara ta ce irin wannan tikiti ba a mayar da kuɗinsa, kuma ta faɗa masa haka tun ranar farko. Wannan ya ƙara masa tabbaci, domin ɓarawo ne kaɗai ba ya karɓar dabbarsa idan an dawo da ita. Daga nan ya wuce wajen tsohon akawu mai rubuta wa mutane wasiƙu. Akawun bai taka zuwa Hausari ya tambaya ba, ko da yake tafiyar minti goma ce. Ya tsara takarda mai sakin layi biyar, ya sa kalmar zamba sau uku, saboda ta zauna daidai a jimlolin.

An zauna a zauren mai unguwa bayan la'asar. Mutum arba'in da ɗaya, akawun ya ƙirga, domin al'adarsa ce. Aka karanta takardar da ƙarfi. Zara na zaune daga bakin ƙofa, kwamfutarta a tsakiyar tabarma kamar kayan da aka kama. Da aka ba ta dama, Bobbo ta fuskanta.

"Alhaji, bijimin da kake saye a nan ranar Laraba, kuɗinsa ɗaya da na Legas?"

Ya ce kowa ya san ba ɗaya ba ne.

"Sa biyu ne, ko shi ne dai guda ɗayan? To ni ma haka. Tikiti yana da Legas ɗinsa, yana da Potiskum ɗinsa. Ni Potiskum ɗinsa nake zuwa in sayo muku."

Wasu suka yi dariya, kuma dariyar ce ta ɓata al'amarin, domin Bobbo ba mutumin da za a yi wa dariya a gaban yaran kara ba ne. Ya gyara zama ya ce, "Na ji, Malama. Amma ni in sa ya ɓaci, na san gidan dillali. Nuna mini gidan naki."

Ba ta da gidan da za ta nuna. Aka yanke cewa ta mayar da kuɗin, kwamfuta kuma ta zauna a zaure har sai ta biya. Ta sayar da injin fotokofi, ta haɗa da abin da take da shi, ta biya a rana ta goma sha ɗaya. Bobbo ya sayar da bijimai huɗu ba a lokacinsu ba, ya tafi ofishin nan na Kano, inda aka ba shi shayi, aka nuna masa manaja, aka ba shi takarda mai hatimi da Turanci, ta ranar Talata. Ya dawo yana cewa yanzu ya ga dillali.

Ranar Talata a filin jirgin Kano, Hajiya na kan keken marasa lafiya, ma'aikaciyar ta daɗe tana danna na'ura. Daga bisani ta ce an taɓa ajiye wa waɗannan sunaye kujeru, amma ba a biya ba, na'ura ta cire su tun makon jiya. Bobbo ya kira manaja. Waya ta yi ta ƙara. Ya je ofishin, ya tarar da kwandishan na aiki, manaja ya yi tafiya. Tikitin da ya rage kafin Asabar kuwa, kuɗinsa ya fi abin da ke jikinsa, kuma kujera ɗaya ce.

Laraba ta same shi a masauki a Kano, Larabar farko cikin shekaru da kara ta ci babu shi. Tun hantsi wayar na hannunsa. Ya nemo lambar Zara, ya kalla, ya kashe. Ya sake nemowa. Zai iya tsayawa gaban bijimin da ya tsinke igiya, amma ya kasa danna wannan lamba. Hajiya na kwance tana kallonsa, har azahar.

"Kai da ƙafafunka ka zo," ta ce. "Ba ni wayar."

Zara ta ɗauka, ta gaishe ta, ta tambayi jiki. Hajiya ta fara kame-kame, tana Ya Zara, Ya Zara. Zara ta katse ta.

"Tikitinku yana nan, Hajiya. Gobe Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana. Ban soke ba."

Hajiya ta tambayi dalili, bayan duk abin da aka yi.

"Ko na soke ba za su ba ni ko kwabo ba. Kuma bayanki bai sa hannu a takardar ƙorafi ba. Ki ce wa Alhaji ku isa da wuri."

Ta turo musu lamba mai haruffa shida. Washegari ma'aikaciyar ta buga lambar, ko kai ba ta ɗaga ba, ta miƙo takardun shiga jirgi biyu. An yi aikin ranar Asabar. Bayan mako biyar Hajiya ta dawo tana dogara sanda, yau kuma sandar tana bayan ƙofa.

Bobbo ya je ba da haƙuri da tsakar rana, lokacin da ya san shago ba kowa, ya ja akawun ya raka shi. Sun tarar da mace ɗaya, wadda ita ma tana zauren ran nan, tana jiran a buga mata takarda. Ya ajiye kuɗin tikiti, ya ce akwai karsana a waje. Zara ta karɓi kuɗin da ladanta na kullum, naira dubu biyar, ta ce karsanar ta koma, ba ta da garke. Sannan ta juya ga akawun, cikin ladabi, ta ce ta karanta takardarsa sau biyu, kuma a matsayinta na mai buga takardu ba ta ga kuskure ko ɗaya a rubutun ba. Sai a maganar.

Malama Zara, ke ce dillaliyar da ba ta da rumfa. Ke ce kika ƙone idanunki a kan rubutun ƙasashen da ba ki taɓa takawa ba, domin malamin makaranta ya yi karatu, tsohuwa ta ga jikokinta. Ke ce aka kwashe wa kayan sana'a a gaban jama'a, kika riƙe wa masu ƙararki kujerunsu. Mutanen da suka fi kowa sanin cewa farashi yana bin kasuwa su ne suka kasa gane ki, kuma mai ilimin bokon da ya kamata ya fahimtar da su, shi ya ara musu alƙalami. Mun gode. Allah ya ba idanunki lafiya, ya sa hutun ya yi albarka.

Ga matasa masu shagunan kwamfuta, ku je ku zauna kusa da ita kafin wata ya ƙare. Juya tuta abu ne na yini ɗaya. Abin da za ku koya shi ne faɗa wa mutum gaskiyar abin da yake saye. Ga masu rubuta wa mutane takardu, tafiyar minti goma ba ta da yawa.

Abin da al'amarin ya ci:

Alhaji Bobbo: bijimai huɗu, kasuwar Laraba ɗaya, da kuɗin ofishin Kano, wanda har yau ake jiran manaja.

Hajiya Nana Aisha: kwana biyu a masauki, a kwance.

Malama Zara: injin fotokofi ɗaya, kwana goma sha ɗaya a rufe, da matafiyan azumin waccan shekara, waɗanda suka ji labari suka kai kuɗinsu wani wuri.

Akawu: takarda ɗaya, kwafi biyu.

Sunan Zara Mala: an ɓata shi a gaban mutum arba'in da ɗaya, an wanke shi a gaban mutum biyu, akawun da matar nan. Saura talatin da tara. Su aka rubuta wa wannan.