Banɗakin da Ya Juya wa Alƙibla Baya

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in ƙara ko in rage a kan mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Amma shekaranjiya maƙwabcinmu a unguwar Mahjar, nan ƙasa mai tsarki, ya kwaɓa siminti a ƙofar gida, warin ya mayar da ni wani gida a bakin teku, kudu da unguwar Khumra, ina 'yar shekara tara.

Gidan wani masunci ne, ɗaki ɗaya da rumfa, ginin farin dutsen teku mai ramuka. Kafilin Baba, Balaraben da takardun zamanmu, wato iƙama, ke hannunsa, ya saye shi don iyalinsa su riƙa hutun Alhamis da Juma'a. Baba magini ne. Wata huɗu muka yi a can, ni da shi da Kaka, mahaifiyarsa, mai yi mana girki. Bai rushe tsohon ɗakin ba. Ya kankare gishirin da ya ci bango, ya shafe shi da farar ƙasa, ya ƙara ɗaki biyu da baranda inda iska ke shigowa bayan la'asar. Yashi ma daga tudu yake sa a kawo, wai na bakin ruwa yana cin rodi.

Ranar da ya gama banɗaki, da shuɗin tayil ɗin da kafili ya zaɓo da kansa, Kaka ta leƙa. Ta daɗe a tsaye.

"Kai, ina Makka take daga nan?"

Baba ya nuna gabas. Yadda injiniya ya zana, mai tsugunawa zai kalli teku, ya juya wa alƙibla baya.

"Inna, haka takarda ta ce. Ga iƙamata a hannun kafili, saura mako uku ta ƙare."

"To takardar ce za ta tsuguna?"

Bai ci abinci ba ranar. Washegari da safe ya ɗauki guduma ya farfashe daɓen. Da kafili ya zo ya ga tarin tayil a waje, ya ce, "Ya mu'allim, wa ya sa ka?" Baba ya yi masa bayani. Mutumin ya ce, "Halas," wato shi ke nan da Larabci, ya shiga mota ya tafi.

Kwana goma ba mu ji daga gare shi ba. Kaka ta ɗaure kayanmu, ko za a mayar da mu Najeriya, ƙasar da ban taɓa gani ba. Shi kuwa Baba ya ci gaba da aikinsa, ya juya mazaunin ya kalli arewa, ya shimfiɗa wani tayil da ya samo.

Sai ga kafili da tsohuwarsa. Ta dogara sanda ta shiga banɗakin, ta fito, ta zauna a tabarmar Kaka suka sha shayi. Da za su tafi, ɗanta ya miƙo wa Baba iƙama sabuwa ta tagar mota, bai dube shi ba. Ya ce kawai, "Tayil ɗin bai zo iri ɗaya ba."

Yanzu katangu da ɗakunan ajiya sun rufe wannan gaɓar. Sau biyu na je, ban gane wurin ba. Baba ya rasu ban taɓa tambayarsa ko mutumin ya huce ba, kuma abin yana damuna. Idan akwai wanda ya san gidan ko iyalin, don Allah ya sanar da ni. Ina so in je in gaishe su, in ji ta bakinsu.