Gindin Buhun Albasa

Ko yau na ji warin sabuwar albasa, sai in ganni a rumfar Baba a Kebbe, cikin zafin bazara, muna ɗura buhu ido na yaji.

Ka san yadda ake ɗurin albasa a wajenmu? Ƙanana da masu tabo a gindi, manya jajaye a baki, a ɗinke. Kowa haka yake yi, ba a ma kiransa ha'inci, kwalliya ake cewa. Baba kaɗai ya ƙi. Kai, mutumin nan da taurin kai! Buhunsa yadda ta fito daga gona haka take shiga, manya da ƙanana a cakuɗe. Kawu, ƙanensa, yakan ce, "Yaya, wanga buhu naka ko makaho ba ya saye nai." Baba sai ya ci gaba da ɗinki.

Shekarar da ruwa ya cinye mana gero, albasar nan muka sa wa ido. In ba ta fita ba, fadamarmu za a sayar mu ci. Kasuwa bayan kasuwa dillalan Tambuwal suna wuce kayanmu. Wasu har sun fara tsiro. Wallahi na ji haushin Baba a lokacin.

Sai ga wata Hajiya daga Kwatano, ta shigo ta bodar Kamba da babbar mota, Hausarta a karkace. Ko kallon bakin buhu ba ta yi ba. Ta sa aka kifar da shi, ta zaro wuƙa ta farke gindin. Da na Kawu aka fara. Wayyo, sai ga ƙanana kamar goro suna gangarowa, har da ruɓaɓɓu! Haka ta bi layi tana tsaki. Da ta iso namu ta farke ɗaya, ta farke wani, ta ɗago ta dubi Baba.

"Malam, akwai saura irinsa?"

"Duka haka suke," in ji Baba.

Ta kwashe kaf. Ni da gudu na tafi gaya wa Inna, takalmina ma a kasuwa na baro shi.

Yanzu Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, Hajiyar ma haka. Ni ke loda motoci zuwa Benin da Gana, takardun kwastan da cinikin duk ta waya. Da 'yar Hajiyar nake hulɗa, ba mu taɓa ganin juna ido da ido ba. Da aka rufe boda, masu bi ta daji suka yi ta kai mata tallar kaya da araha. Ta ce su yi haƙuri, 'ya'yan Malam take jira.

Ta kuwa jira mu har aka buɗe.